Gajiya tana ƙarya, amma ba kullum ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya yana kallon gudun famfalaki ya san akwai wurin da fuskoki ke canjawa. A kilomita na 10 masu gudu na ɗaga wa 'yan kallo hannu, wasu har hira suke yi a tsakaninsu. Da an doshi kilomita na 30 sai kafaɗu su sauko, ƙafa ta daina tashi daga ƙasa sai dai a ja ta, gumi ya bushe ya bar farin gishiri a jikin riga, ido ya kafe kan kwalta taku uku a gaba. Wani zai tsaya ya dafa gwiwa, ya dubi agogon hannunsa kamar agogon ne ya yi masa laifi. Kuma da sauran tafiya, domin tsawon gudun kilomita 42.195 ne, ma'aunin da aka yi amfani da shi a gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka tsayar da shi a hukumance a 1921.

Babu wanda ya tilasta wa mutanen nan, kuma mafi yawansu sun san ba za su ci ko kwabo ba. Idan ka tambaye su abin da ya kawo su, amsar kusan ɗaya ce: sun gaji da rayuwar da komai nata ya zama sabo, suna so su kai kansu inda ba daɗi, su ga ko za su fito da wani abu. A kan wannan tunani aka gina kasuwa guda, daga masu shirya tsere zuwa masu sayar da takalma da masu laccar ƙarfafa gwiwa, duk suna maimaita cewa ci gaban mutum yana farawa ne daga inda jin daɗinsa ya ƙare. Akwai gaskiya a maganar, sai dai rabinta ce, kuma rabin da ake ɓoyewa shi ne wanda ke kai mutane asibiti.

Abin da ke faruwa a kilomita na 30 ba asiri ba ne. Jiki na ajiye sukari a tsoka da hanta a wani siffa da masana ke kira gilaikojin, kimanin giram 500 a jikin babban mutum, abin da bai wuce kalori 2,000 ba. Gudun famfalaki kuwa yakan ci fiye da haka. Idan ajiyar ta kusa ƙarewa jiki zai koma dogaro da kitse, kuma kitse yana da yawa amma ba ya ƙonewa da sauri, saboda haka dole gudu ya ragu. Ƙwaƙwalwa ita ma da sukari take aiki, shi ya sa mai gudu a wannan hali yakan kasa lissafi mai sauƙi, ko ya fara jin haushin kowa ba gaira ba dalili. Tun a shekarun 1920 masanin Birtaniya A. V. Hill, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta 1922, ya nuna cewa akwai iyakar iskar oksijin da jiki ke iya shaƙa ya yi aiki da ita. Aka daɗe a kan fahimtar cewa gajiya lamarin inji ne kawai: mai ya ƙare, mota ta tsaya.

Sai dai akwai abin da wannan bayani ya kasa warwarewa. Mutumin da ke jan ƙafa a kilomita na 38, wanda ya rantse ba shi da sauran ƙarfi, da ya hango layin ƙarshe sai ka ga ya ware da gudu. Daga ina ƙarfin ya fito? Idan da gaske tsokar ta gama aiki, ganin layi ba zai zuba mata mai ba. Tim Noakes na Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu ya kawo amsa a shekarun 1990. A ganinsa ƙwaƙwalwa ce ke taka birki tun kafin jiki ya kai ga halaka: tana auna zafin jiki, da sauran sukari, da nisan da ya rage, sai ta rage yawan tsokar da take sa wa aiki, ta kuma aiko da jin gajiya domin mutum ya sassauta. Masana da dama sun yi masa ca, har yau ba a gama muhawarar ba. Amma wani gwaji da Samuele Marcora da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya ƙara wa wannan ɓangare nauyi. Sun sa mutane 16 aikin kwamfuta mai cin ƙwaƙwalwa na minti 90, sannan suka ɗora su a keken motsa jiki su tuƙa har sai sun kasa. A wata ranar kuma mutanen suka kalli fim na minti 90 kafin su hau keken. Ranar da ƙwaƙwalwa ta gaji, sun sare da wuri da kimanin kashi 15 cikin 100, alhali bugun zuciyarsu da ma'aunin jininsu ba su nuna wani bambanci ba. Abin da ya bambanta shi ne yadda suka ji nauyin aikin.

To, a nan masu cewa a fita daga jin daɗi suke da hujja, kuma hujja ce mai ƙarfi. Jin "ba zan iya ba" hasashe ne da ƙwaƙwalwa ke yi, kuma tana yin sa da taka-tsantsan fiye da kima, musamman a kan abin da ba ta taɓa gani ba. Wanda bai taɓa gudun minti 20 ba, a minti na 8 zai ji kamar ƙirjinsa zai fashe. Bayan makonni yana yi, ƙirjin zai ci gaba da yin zafi a minti na 8, amma yanzu ya san zafin, ya san ba ya kisa, ya san yakan lafa idan aka daidaita numfashi aka rage sauri kaɗan. Wannan sanin ba a samun sa a littafi ko a bakin wani. Sai mutum ya shiga wurin da kansa, ya ji muryar da ke cewa tsaya, ya ƙi tsayawa, ya ga babu abin da ya same shi. Ni a ganina wannan ne ainihin ribar wasannin juriya, ko gudu ne, ko tseren keke, ko ninƙaya mai nisa: suna ba mutum fili mai iyaka da ma'auni inda zai gwada gaskiyar tsoronsa, kuma ya samu amsa a ranar.

Matsalar ita ce muryar ba kullum take ƙarya ba.

Ranar 13 ga Yuli 1967, a gasar tseren keke ta Tour de France, ɗan Birtaniya Tom Simpson na hawan dutsen Mont Ventoux cikin tsananin zafi. Kusa da ƙololuwa ya fara tangaɗi, ya faɗi, aka mai da shi kan keke, ya ƙara 'yar tafiya ya sake faɗuwa. Bai tashi ba. Shekararsa 29. An samu ƙwayar amfetamin da barasa a jikinsa, wato abubuwan da suka toshe masa kunne daga gargaɗin da jikinsa ke yi. Idan bayanin Noakes daidai ne, Simpson ya cire birkin ne, kuma abin da ke bayan birkin shi ne abin da ya same shi.

Ba sai da ƙwaya ake kaiwa can ba. A watan Mayun 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, mutum 172 suka shiga tseren kilomita 100 a kan tsaunuka. Da rana tsaka yanayi ya juya, ga iska mai ƙarfi, ga ruwan ƙanƙara, su kuwa yawancinsu daga gajeren wando sai 'yar riga. Mutum 21 suka mutu, galibi saboda sanyi ya kama jikinsu. A cikinsu har da Liang Jing, ɗaya daga cikin gwanayen irin wannan tsere a ƙasar. Abin lura shi ne da yawa daga waɗanda suka halaka suna sahun gaba ne, mutanen da suka ƙware wajen danne wahala su ci gaba. Waɗanda suka juya da wuri sun tsira, wasu shida kuma wani makiyayi ne ya ja su cikin kogon da yake fakewa ya hura musu wuta. Halin da ake yabo a irin waɗannan wasanni, ƙin sarewa, shi ne ya kai gwanaye wurin da ba dawowa.

Akwai ma haɗarin da ke zuwa ta hanyar yin abin da mutum ke zaton kariya ce. An daɗe ana faɗa wa masu gudu su sha ruwa sosai tun kafin su ji ƙishi. Binciken da aka yi kan masu gudun famfalaki na birnin Boston a Amurka a 2002 ya auna jinin mutum 488 bayan sun gama, aka samu kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, mafi yawa saboda sun sha ruwa fiye da abin da suka zubar. Abin ya fi kama masu tafiya a hankali waɗanda ke wuce awa huɗu a hanya suna sha a kowace tasha. Alamominsa, jiri da tashin zuciya da ruɗewa, sun yi kama da na ƙarancin ruwa, sai mutum ya ƙara sha, ya ƙara jefa kansa.

Kada a ɗauka ina tsoratarwa ne. Wani babban bincike a Amurka ya duba mutum miliyan 10.9 da suka yi gudun famfalaki ko rabinsa daga 2000 zuwa 2010, ya samu mutum 59 da zuciyarsu ta tsaya, wato kusan ɗaya cikin 184,000. Zaman dirshan ba motsi ya fi wannan kisa nesa ba kusa ba. Abin da nake nufi shi ne, ƙwarewar da ake bukata ta fi "jure kawai" zurfi. Jiki magayi ne, amma yana magana da murya biyu masu kama da juna, kuma aikin ɗan wasa shi ne ya koyi rarrabe su. Nauyin ƙafafu, zafin cinya da ya bazu ko'ina, haki, gundura, sha'awar a zauna: waɗannan ana iya ciniki da su. Ciwo mai tsini a wuri ɗaya na ƙashi wanda ke ƙaruwa da kowane taku, matsewar ƙirji da ke sauka hannu ko haɓa, jiri, sanyi da tsigar jiki a tsakiyar rana, rashin sanin inda kake: waɗannan ba a ciniki da su. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun famfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 2019, ba mutumin da za a koya wa juriya ba ne. Amma a gasar Olamfik ta Faris a 2024 ya ji ciwo a jikinsa, ya tsaya, ya fita daga tseren, karo na farko a rayuwarsa ta gudun famfalaki. Babu mai hankalin da ya kira shi rago.

Wani abin da ake yawan juya wa baya shi ne yadda jiki ke ƙaruwa tun farko. Hans Selye, wanda ya fara rubutu kan matsin lamba ga jiki a 1936, ya bayyana cewa halitta idan ta gamu da matsi takan firgita, sannan ta daidaita ta ƙara ƙarfi, amma idan matsin ya ci gaba ba sassauci sai ta durƙushe. Masu horar da 'yan wasa a kan wannan suka gina tsarinsu. Atisaye ba ya ƙara ƙarfi a lokacin da ake yin sa, rage shi ma yake yi: yana cinye ajiya, yana yi wa zaren tsoka ƙananan raunuka. Ƙaruwar tana zuwa ne daga baya, a cikin barci da abinci da ranar hutu, lokacin da jiki ke gyara ɓarnar ya ɗan ƙara a kai. Zuciya na koyon tura jini mai yawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini na yaɗuwa cikin tsoka, tsokar na ƙwarewa wajen ƙona kitse ta adana sukari. Wanda ya hana kansa hutu ya biya kuɗin kaya ne ya tafi bai ɗauka ba.

Kuma sassan jiki ba tare suke tafiya ba. Zuciya da numfashi kan inganta cikin makonni, jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi da shi kansa ƙashin sai an yi watanni. Tarkon sabon shiga ke nan. Bayan wata ɗaya ko biyu ya daina haki, yana jin zai iya ninka nisan, sai ya ninka, sai ƙwauri ko agara ko gwiwa su ce ba su san zancen ba. Zai zauna jinya, ƙarfin da ya tara ya zube, wataƙila ya yanke hukuncin cewa shi ba a halicce shi don gudu ba, alhali gaggawa ce kawai ta ci shi.

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne gwanayen duniya ba sa wahalar da kansu kullum. Stephen Seiler, masanin Amurka da ke aiki a Norway, ya bi diddigin atisayen manyan 'yan wasan juriya a fannoni daban-daban, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a sassauce suke yin sa, a saurin da mutum zai iya hira da cikakkiyar jimla ba tare da haki ya katse shi ba. Ɗan abin da ya rage ne suke matsawa, kuma idan sun matsa, sun matsa da gaske. Mai son ya burge kansa kuwa yakan yi akasin haka: kullum yana tsaka-tsaki, ya fi ƙarfin hutu, bai kai matsin da ke ƙara ƙarfi ba, ya dawo a galabaice yana jin ya yi aiki. Sannu ba ta hana zuwa, a wannan fanni ma ita ce ke kaiwa.

Har binciken da masu laccar ƙarfafa gwiwa ke yawan jingina da shi bai ce abin da suke so ya ce ba. Robert Yerkes da John Dodson a 1908 ɓeraye suka yi gwaji da su, suna ba su ɗan shokin lantarki domin su koyi bambance akwati fari da baƙi. Abin da suka gani shi ne, idan aikin mai wuya ne, matsakaicin shoki ya fi sa koyo, mai tsanani kuwa ɓata lamarin yake. Daga ɓera a akwati zuwa rayuwar ɗan Adam akwai tazara mai yawa, amma ko an yarda da kwatancen, darasinsa a fita kaɗan ne, ba a yi tsalle cikin rami ba.

Idan haka ne, ina rashin jin daɗin da ake magana? Yana nan, sai dai ba inda hotuna ke nunawa ba. Ranar tsere akwai jama'a, akwai tafi, akwai lambar wuya. Kusan kowa zai iya jurewa idan ana kallonsa. Wahalar gaske tana cikin watannin da babu mai kallo: tashi lokacin da barci ya fi daɗi, maimaita hanya ɗaya har ka san kowane rami, yin gudu a hankali alhali girman kai na cewa ka ƙara, hutawa ranar da aka ce ka huta ko da kana jin ƙarfi. Ga babban mutum da ya saba a ce ya iya aikinsa, abin da ya fi ciwo shi ne komawa ɗan koyo, a gan shi yana haki a baya, tsoho ya wuce shi, yarinya ta wuce shi. Mutane da yawa sun fi tsoron wannan kunyar fiye da ciwon cinya, kuma cin nasara a kanta ya fi shafar sauran rayuwa.

Ga wasu ma shingen ba a cikin jikinsu yake ba. A 1967 Kathrine Switzer ta yi rajistar gudun Boston da haruffan farkon sunanta, a zamanin da ake cewa jikin mace ba zai ɗauki irin wannan nisa ba. Ana cikin gudu wani jami'in tseren ya biyo ta yana ƙoƙarin fizge lambarta, 261, aka ture shi, ta ƙarasa. Sai a 1972 Boston ta karɓi mata a hukumance, gasar Olamfik kuma ba ta sa gudun famfalaki na mata ba sai a Los Angeles a 1984. Iyakar da kowa ya ɗauka ta halitta ce, ashe ta zato ce.

Saura tambaya mafi wuya: shin abin da aka koya a hanya yana bin mutum gida? Masu tallar waɗannan wasanni na magana kamar wanda ya gama famfalaki ya zama gwani a aure da kasuwanci da shugabanci. Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi fice kan yardar mutum da iyawarsa tun daga 1977, ya nuna cewa babu abin da ke gina wannan yarda kamar mutum ya yi abu mai wuya da kansa ya ga ya yi. Amma shi ɗin ya jaddada cewa yardar tana da alaƙa da fannin da aka same ta. Tana iya tsallakawa zuwa wani fanni idan akwai kama a tsakaninsu, ba ta tsallakawa kai tsaye zuwa ko'ina. Abubuwan da na yarda suna bin mutum ƙanana ne amma na gaske: iya raba babban aiki gida-gida, haƙuri da sakamakon da ba ya zuwa sai bayan watanni, sanin cewa mummunan yanayin rai yakan wuce idan ba a yanke hukunci a cikinsa ba. Ɗalibin da ke rubuta kundin bincike ko mai jinyar doguwar cuta zai amfana da waɗannan. Tausayi, gaskiya, iya sauraro, ba a samun su daga nisan kilomita. Lance Armstrong ya jure abin da mutane ƙalilan za su iya jurewa a kan keke, ya kuma shafe shekaru yana ƙarya kan shan ƙwayoyin ƙara kuzari har aka ƙwace nasarorinsa bakwai na Tour de France a 2012.

Sannan da'irar sabo tana tafiya tare da mai ita. Abin da ya firgita ka bara, bana shi ne wurin hutawarka. Shi ya sa ake ta ƙara nisa. Gasar Ironman da mutum 15 suka fara a Hawai a 1978, ninƙayar kilomita 3.8 da keken kilomita 180 da cikakken gudun famfalaki a rana ɗaya, a lokacin kamar hauka aka ɗauke ta. Yau dubban mutane ke yin ta kowace shekara, wasu ma na ganin ta yi kaɗan. Ba laifi ba ne mutum ya so ƙari. Amma akwai matakin da wahalar jiki ke zama mafaka. Mutumin da ke atisayen awa 15 a mako yana iya kasancewa ya fi kowa zama cikin abin da ya saba, domin a kan hanya ya san dokoki, ya san zai yi nasara, babu mai ce masa ya yi kuskure. Abin da ke masa wuya yana gida: maganar da ya daɗe yana kauce wa da matarsa, bashin da bai duba ba, yaran da ke tashi ranar hutu ba sa ganinsa. Lokacin da yake kashewa a hanya wani ne ke biyan sa, kuma sau da yawa ba a tambayi wannan wanin ba. Ga irin wannan mutum, barin atisayen Asabar ɗaya ya zauna a yi maganar zai fi masa tsanani fiye da ƙarin kilomita 20, kuma da wuya kocinsa ya rubuta masa hakan a jadawali.